Guɗa a Bargar Dawaki

Abu na farko da na yi a ƙasar Ingila shi ne kawar da kai daga 'yata.

Na fito daga cikin filin jirgi ina jan akwatin da tayarsa ta karye tun Abuja, sai na hango su a tsaye: Yaya Rabi, yayar marigayi mijina, cikin baƙar rigar sanyi, da wata doguwar budurwa riƙe da furanni. Ba sai an gaya min ba. Goshin ubanta ne, wushiryar kuma ta gidanmu ce. Shekara ashirin da uku rabona da ita ido da ido. Ta taho da sauri ta buɗe hannuwa, ta ce, "Mama." Ni kuwa na yi abin da aka koya min tun ina yarinya a Zariya. Na ratse ta gefenta, na rusuna gaban Yaya Rabi, na tambayi Dakta mijinta, na tambayi sanyi, na tambayi aiki. Sai da na gama tas na ce, "Yaya, ya 'yarki? Tana lafiya?" Alhali tana tsaye daf da ni har ina jin ƙamshin man gashinta.

'Yar fari ce. Wanda ya tashi cikinmu ya san abin da nake nufi. Ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, balle wanda aka bayar riƙo. Tana shekara uku Yaya Rabi, da Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta ce tana so, mijina ya ce ya ba ta. Ba a tambaye ni ba, da an tambaye ni ma cewa zan yi ai tata ce. Shekara na zagayowa Dakta ya samu aikin asibiti a London, suka yi takardu suka tafi da ita. Yaya takan zo gida jefi-jefi, amma kullum yarinyar na da jarrabawa. Idan an kira waya mai hoto sai in miƙa wa ƙannenta su gaisa, ni ina gefe ina satar kallo. Sunanta Nafisa, a takarda kawai nake iya faɗarsa. A baki "'yar Yaya" nake cewa. Da aka aiko min da gayyatar bikinta, abu ɗaya na ƙudura a raina: in samu zama da ita ko sau ɗaya, ta san ba yar da ita na yi ba.

A mota ita ke tuƙi, furannin na kan kujera kusa da ni, ba wanda ya ce nawa ne. Yaya ta juyo ta ce, "Saude, kin zo a kan gaɓa. Aiki ya sha mana kai. Bikin kaboyi za a yi."

Na zaci wasa take yi. Kaboyi dai da na sani su ne na majigi, masu malafa da bindiga da yayyenmu ke kwaikwayo muna yara. Ashe angon, Kamal, ɗan wasu likitoci 'yan Katsina, a Amurka ya yi karatu, can ya ɗauko son dawaki da malafa, ita ma ya shafa mata. Aure za a ɗaura a masallaci kamar kowa, amma liyafar a wata tsohuwar bargar dawaki za a yi ta a bayan gari, kowa kuma sai ya yi shigar makiyayan Amurka.

Gidansu na Edmonton, wajen da gidajen ke da ɗan lambu a baya. Kafin a nuna min gado an nuna min keken ɗinki. Yana wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar baya, tare da injin wanki, an tara yadi har saman taga. Falmaran goma sha biyu na abokan ango, siket na ƙawayen amarya, jan ƙyallen ɗaurawa a wuya na duk wanda aka gayyata, rigunan tebur masu gida-gida. Ɗinki sana'ata ce, shekara talatin ina yi a Tudun Wada, ban ƙi ba. Na ce a raina ko ba komai hannuna zai taɓa bikinta.

Abin dariya kuwa na sha shi ni kaɗai. Wata rana na ji Yaya a waya tana masifa wai mai ciyawa ya yi cancel, ita kuma tun wata uku ta yi booking. Ingirici fa, wanda nake zuba wa tumakina su tattake, shi ake haya a London don likitoci su zauna a kai. Aka kawo tsofaffin takalman doki masu tsatsa za a jera a tebur, aka kawo igiyoyin ɗaure shanu, aka kawo fitilun aci-balbal. Duk abin da muka yi ta addu'ar Allah ya raba mu da shi a ƙauye, an bi shi an tattaro. Na so in samu wanda za mu yi dariyar tare. Babu. Yarinyar na fita aiki da sassafe, in ta dawo ta leƙo ta gaishe ni da Hausarta mai tsami, ni kuma in amsa ina kallon allura. In ta ɗan daɗe a bakin ƙofa sai muryar Yaya ta taso daga falo, "Nafisa, darling, zo ki ga wannan." Kullum akwai abin da za a gani.

A mako na biyu aka aike ni Woolwich in kai wa mai abincin biki rigunan aikin da na ɗinka. Yaya ta rubuta min lambobin mota da jirgin ƙasa a takarda, ta ce ai ba wuya. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Na shiga jirgin da ya yi gaba maimakon baya. Na nuna wa mutum uku takardar, ɗaya ya cire abin kunnensa ya kalle ni ya mayar, biyu ba su tsaya ba ma. A cikin bas wata mata ta dubi jakata da ta jiƙe, ta tashi ta koma wata kujera. Ruwa ya dake ni tun daga kasuwa har ƙofar gidan. Tafiyar awa ɗaya da rabi ta ci min kusan biyar, azahar da la'asar duk suka wuce ni a hanya.

Mai abincin sunanta Adiza, 'yar zangon Kumasi ce, ƙatuwar mace mai fara'a, Hausarta ba ta raba mace da namiji. Tana buɗe ƙofa ta ce, "Kai, Mma, shigo, ka jiƙe." Ta ba ni zaninta, ta shimfiɗa min sallaya, ta zubo min shinkafa da wake irin nasu da baƙin yaji. Tun da na sauka a ƙasar, ita ce ta fara zama ta kalle ni ina cin abinci.

Ta ce, "Kai ne tela da Hajiya ya ce ya kawo daga Najeriya?"

Na ajiye lomar da na ɗebo. Na ce, "Ni ce."

Muka yi ta hira, ta ba ni labarin yadda ta yi shekara tara ba ta ga uwarta ba, har na yi dariya a wani wuri. Sai ta tsaya tana kallon bakina. Ta ce, "Wannan haƙori, na san shi. Amarya yana da shi." Na rufe baki da hannu. Ta ajiye cokali ta ce, "Mma, nan ba gida ba ne. Yaran nan, abin da ka faɗa da baki shi suke ji. In ka ɓoye, sun ɗauka babu." Na ce mata ai da sauran lokaci. Ta raka ni har cikin jirgi, ta gaya wa wani saurayi inda zai ce in sauka.

Kwana biyu bayan nan Yaya ta shigo ɗakin ɗinki da wata ƙatuwar jakar leda. Ta ce amarya na son 'yan tutoci masu kusurwa uku a jere a igiya, a zagaye bargar da su, kuma da tsofaffin yadi ake yi don su yi kama da na ƙauye. Ta zazzage jakar ta fita.

Ɗinkina ne. Duk ƙaramar Salla sai na ɗinka wa yarinyar kaya na bayar a kawo mata, ina ƙiyasta girmanta da 'ya'yan maƙwabta. Ga ta shekara biyar mai aljihu a gaba, ga ta shekara tara da na yi wa aiki a wuya har idona ya yi ciwo, ga doguwar rigar shekarar da ubanta ya rasu. Ko ɗaya ba a taɓa sawa ba. Ninkin da na yi musu da hannuna yana nan, wata ma da allin awo a jikinta. Na daɗe zaune da almakashi a cinya. Na ji haushi, haushin da ban taɓa jin irinsa ba. Daga baya na shimfiɗa ta shekara biyar ɗin na fara da ita, don ita ce ƙarama, tuta huɗu kawai ta bayar.

Ana saura kwana goma biki, ranar wata Lahadi, aka kira ni falo. Yaya na zaune da ƙawayenta biyu, matan Kano, suna shan shayi. Yarinyar ta baza wata babbar takarda a tebur, zanen yadda za a zauna a wurin liyafa. A can al'adarsu iyaye na zama teburi ɗaya da ango da amarya, a gaban kowa. Ta nuna min da yatsa. Gefen amarya kujera uku ce: ta Dakta, ta Yaya, da wata. Ta gyara murya. Da ji ka san ta yi kwanaki tana bitar maganar.

"Mama, ina so ki zauna nan. Kusa da ni. Ke kika haife ni."

Allah ya sani, a lokacin ji na yi kamar an ɗauke min dutse daga ƙirji. Abin da ya kawo ni ke nan. Amma ga mariƙiyarta zaune, ga baƙi. Sai na ja mayafi na rufe rabin fuska, na ce, "Wa, ni? Ban san wannan zance ba. Ga uwarki nan zaune. Ni ɗinki ya kawo ni."

A gida ga yadda ake yi. Uwa ta ƙi, mariƙiya ta ce haba, ta kamo hannunta. Uwa ta sake ƙi, ƙawaye su sa baki su ce ai ba a haka. A na uku sai ta yarda tana sunkuyar da kai, kowa ya fita kunyar kowa. Ni na yi nawa. Na tsaya ina jiran Yaya ta yi nata, don ta san abin sarai, a gida ɗaya aka yi mana tarbiyya kusan.

Yaya ta kurɓi shayi ta ajiye kofi. Ta ce, "To, kin ji da kunnenki, darling. Kar ki yi forcing ɗinta. Cire kujerar."

Ɗaya daga cikin ƙawayen ta buɗe baki, ta dubi Yaya, ta rufe. Yarinyar ta kalle ni, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauki biro ta soke kujerar, ta naɗe takardar ta hau sama. Washegari da ta leƙo ɗakin ɗinki cewa ta yi, "Ina kwana, Anti."

Na samu Yaya a kicin ita kaɗai. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce, "Yaya, don Allah ki yi mata bayani. Ba ta san kara ba. Ta ɗauka da gaske nake."

Ta ci gaba da yanka albasa. "Ni na sa miki magana a baki?"

"Kin san abin da nake nufi."

"Abin da na sani, Saude, ni na kwana da ita a asibiti tana shekara shida. Ni na tsaya layi a ofishin shige da fice na Croydon cikin sanyi da takardunta. Ni na sha zagin makaranta, na sha rashin kunyar 'yan mata. Yanzu da nama ya dahu kin taho da haƙoranki. Kin yi kara, na karɓa, na gode."

Da ta ɗago na ga ba mugunta kaɗai ce a idonta ba, har da tsoro. Hakan bai sa na yafe mata ba, har yau kuma ban yafe ba.

Dama ɗaya ta rage min, ranar gwajin rigar amarya. An sayo ta ne a shago, farar doguwa, aka ce in ɗage gabanta don takalman kaboyin su fito. Muka kasance mu biyu a ɗakinta, karo na farko. Tana tsaye a kan ɗan benci, ni ina durƙushe ina kama kalmasa, fil cike da bakina. Ta ce daga sama, a hankali, "Anti, me ya sa kika zo?"

Na zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya ina neman ta inda zan fara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na sani. Maganar shekara ashirin da uku na nan a ƙirjina, amma harshen da bai taɓa faɗa ba bai san hanya ba. Hannuna na kan ƙugunta, na ji ƙashi. Abin da ya fito shi ne, "Kin rame. Ki riƙa cin abinci."

Da uwata ce ta faɗa min haka a ɗaki mu biyu, da kuka zan yi, don na san me ke ƙarƙashinsa. Ita kuwa ɗan murmushi ta yi marar daɗi, ta ce, "Shi ke nan?" Kafin in haɗa wata kalmar ƙawarta ta faɗo ɗakin da waya a hannu, wai mai kiɗa na son magana da amarya.

Bargar na can ƙarshen gari, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Mun isa da la'asar sakaliya. Na ga manyan likitoci da furfurarsu cikin wandon jins da malafa, na ga Hajiyoyi cikin leshi da jan ƙyalle a wuya suna zaune kan ingirici suna kare zani daga ƙaiƙayi. Ana kiɗan garaya irin ta Turawa, dawaki biyu na leƙe daga ɗaya ɓangaren. A sama kuma, daga bango zuwa bango, kayan Sallar 'yata ne ke kaɗawa. Kowa na cewa tutocin sun yi kyau.

An ajiye ni teburin ƙarshe, bakin ƙofar da ake shigo da abinci. Daga nan amarya 'yar mitsitsiya nake hango ta, tsakanin mijinta da Yaya. Ta yi kyau. Ko daga nesa ta yi kyau.

Ana gab da fara jawabai Yaya ta ratso har inda nake, malafarta a kan ɗankwali. Ta sunkuyo ta ce, "Saude, duk wurin nan ba wanda ya iya guɗa. In amarya ta gama magana zan ɗaga miki hannu."

Na ce, "Yaya, uwa ba ta yi wa 'yarta guɗa."

Ta ce, "Ai shi ya sa na ce ke." Ta koma.

Adiza ta ji komai, tana bayana da ludayi. Ta ce, "Kunyar mara kunya asara ne, Mma. Kar ka yi." Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

Amarya ta miƙe da abin magana a hannu. Turancina bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, don haka Adiza ke mayar min a kunne. "Yana gode ma Dakta. Yana gode ma iyayen miji. Yanzu yana magana kan Hajiya, ya ce shi ya koya mishi komai." Yaya na share ido da jan ƙyalle. Yarinyar ta ɗan tsaya, ta ci gaba da wata murya daban, wurin ya yi tsit. Adiza kuwa ta daina mayar min.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ba komai. Godiya ne."

Na riƙe hannunta. "Don girman Allah ki faɗa min."

Ta faɗa tana kallon ƙasa. "Ya ce tun yana ƙarami yana jira wani mutum ya zo daga nesa ya ce yana son shi. Ya ce ya yi ta tunani ko shi ne bai isa a so ba. Ya ce yanzu mutumin ya zo, ya gan shi, ya ji daga bakin shi. Ya ce ya daina jira. Uwa ɗaya yake da shi, ga shi nan kusa da shi."

Amarya ta sunkuya ta rungumi Yaya. Mutane suka miƙe suna tafi, wasu na kuka. Ta saman kafaɗar 'yata, Yaya ta ɗago hannu.

Adiza ta danne min gwiwa. Na ture hannunta na miƙe. Ba biyayya ce ta tashe ni ba. Akwai abin da ya cika min ƙirji wanda in bai fita ba faɗuwa zan yi, kuma a duk bargar nan hanya ɗaya ce aka yarda mace ta yi ihu ba a ce ta ɓata biki ba. Na kama hanci na rangaɗa guɗa. Ban taɓa yin mai tsawonta ba. Ta cika rufin, dawakan suka firgita suna dukan katako, mai kiɗa ya tsaya. Numfashina na ƙarewa na ja wani na sake, na kuma sakewa, hawaye na bin yatsuna.

Wurin ya kaure da tafi da fito. Malafuna suka juyo, wayoyi suka ɗaga. Amarya ma ta dubo ƙarshen bargar, ta yi min murmushin da ake yi wa makaɗi in ya burge, ta tafa sau biyu uku, ta juya ga mijinta.

Ina ƙoƙarin zama sai ga wata Baturiya, abokiyar aikin amarya, da kumatu ja da malafa ruwan hoda. Ta yi ta magana tana dariya tana nuna min wayarta. Na dubi Adiza.

Adiza ta ce, "Wai ya yi kyau sosai. Wai bai samu ya ɗauka daga farko ba. Wai ka sake."

Baturiyar ta ja da baya taku biyu, ta saita wayar a fuskata, ta ɗaga min babban yatsa. Na kama hanci na sake.